Zarton Zayyana da Hannuwanmu da Suka Mutu a Aljihu

Yau masu jiran ci gaban labari za su ɗan yi mani haƙuri, domin magana ce nake tafe da ita a kan zarto da katako. Na san tun daga nan wani zai ce to me ya haɗa kifi da kaska? A dai biyo ni a sannu.

Duk wanda ya daɗe yana karanta littattafanmu na hikaya ya san jarumin labari. In ba hamshaƙin ɗan kasuwa ba ne to likita ne, ko matuƙin jirgin sama, ko hafsan soja, ko ɗan wani attajiri da ya dawo daga karatu a Ingila. Idan ya taso daga ofis zai yi wanka, ya saka shadda, ya fesa turare, ya ɗauki makullin mota ya tafi zance, in ya dawo kuma ya kwana a waya. Ban taɓa cin karo da wanda ya tuɓe babbar riga ya shiga wani ɗan ɗaki a bayan gida ya ƙera wani abu da hannunsa don nishaɗi kawai ba. Kuma ban ga laifin marubutanmu ba, abin da suke gani a gari shi suke rubutawa. Ɗan bokon Bahaushe ya riga ya sallama hannunsa, ba ya amfani da shi sai wajen sa hannu a takarda, da cin tuwo, da latsa waya. Wannan shi ne abin da ya dame ni, kuma shi ya sa nake son in gabatar maku da wani ɗan inji da mutanen Turai da Amurka suka ɗauka abin ɗebe kewa fiye da shekara 150, wanda zan kira shi zarton zayyana.

Wanda bai taɓa ganinsa ba, ya ƙaddara keken ɗinki a ransa. Akwai ɗan faranti na ƙarfe da ake ɗora katako a kai, akwai hannu da ya miƙo daga baya ya rataya a samansa, sai dai a inda allura take a keke, nan an ɗaure wani siririn zarto ne, tsawonsa inci 5, kaurinsa bai fi tsinken tsintsiya ba. Zarton yana hawa yana sauka, daga kamar sau 400 zuwa fiye da 1,500 a minti guda, gwargwadon yadda aka saita shi. Mai aiki zai manna takardar zane a kan katako, ya riƙe katakon da hannu biyu yana turawa yana juyawa, kamar dai yadda tela yake juya yadi a ƙarƙashin allura in yana aikin wuya. Abin da ya bambanta shi da sauran zartuna shi ne ana kwance bakin zarton daga sama, a zura shi ta cikin wata 'yar huda da aka yi a tsakiyar katako, a sake ɗaurewa, a yanke ciki a fitar da shi ba tare da an taɓa gefen katakon ba. Haka za a yi ta yi, huda bayan huda, har wani aikin yakan kai huda ɗari uku ko fiye, ya fito kamar leshi, alhali itace ne. Su bakunan zarton lamba-lamba ne, ƙaramar lamba ita ce siririya mai aikin ƙwaƙƙwafi, babba har zuwa 12 ta katako mai kauri. Akwai wanda aka juya haƙoransa na ƙasa suka kalli sama don kada bayan katako ya yi gatsa-gatsa, akwai kuma murɗaɗɗe da yake ci ta kowace fuska. Girman injin kuwa ana auna shi ne da tazarar da ke tsakanin zarto da ƙashin bayan injin, yawanci inci 16 zuwa 20.

Asalin aikin na masu yi wa sarakuna kayan ɗaki ne. A Faransa an yi wani gwani, André-Charles Boulle, wanda ya rayu daga 1642 zuwa 1732, yana yi wa Sarki Louis na 14 aiki. Shi yakan haɗa fallen tagulla da ƙoƙon bayan kunkuru ya yanka su tare da siririn zarto, sannan ya musanya gutsattsarin, na tagulla ya zauna a gurbin kunkuru, na kunkuru a gurbin tagulla. A Landan kuma, a shekarun 1760, wani mai zanen taswira, John Spilsbury, ya manna taswira a kan katako ya yayyanka ta ƙasa-ƙasa don yara su riƙa haɗawa suna koyon labarin ƙasa. Daga nan wasan nan na haɗa gutsattsarin hoto ya samo asali. Sai a ƙarni na 19 abin ya fita daga hannun masu sana'a ya shiga gidajen talakawa da ma'aikata. A garin Rockford na jihar Illinois a Amurka, kamfanin W.F. & John Barnes ya riƙa ƙera zarton da ake tuƙawa da ƙafa tun shekarun 1870, mutum yana zaune yana taka feda kamar mai keke. A Ingila kamfanin Hobbies na garin Dereham ya fara fitar da mujallarsa ta mako-mako a 1895, da takardar zane a ciki, kuma ba ta daina fitowa ba sai 1965. Ku duba fa, shekara 70 ana buga mujalla kowane mako don akawu da malamin makaranta da ɗan dako su sami abin yankawa da daddare! Daga baya abin ya yi sanyi, sai a shekarun 1970 kamfanin Hegner na Jamus ya fito da inji mai lantarki da ba ya yawan karya zarto, a 1986 kuma wani malamin koyar da aikin katako a jihar Wisconsin, Patrick Spielman, ya fitar da littattafan koyarwa da na zane da suka sake farfaɗo da shi a Amurka.

Kafin wani ya ce ai wannan wasan Nasara ne, bari in ja hankalinsa zuwa birnin Marrakesh na Maroko. A can akwai mumbarin masallacin Kutubiyya, wanda aka fara ƙera shi a birnin Kurɗuba na Andalus a 1137, bisa umarnin Sarkin Murabiɗai Aliyu bin Yusuf. Yanzu yana ajiye a fadar Badi. Jikinsa duk ƙananan gutsattsarin itace ne masu daraja da ƙashi, an jera su cikin zanen taurari da rubutun Kufi. Masanan da suka yi aikin gyara shi a shekarun 1990 sun ga alamun siririn zarto a jikin allunansa, ɗaruruwan shekaru kafin lokacin da ake zaton Turawa sun ƙirƙiro shi. Saboda haka idan Musulmi ya ɗauki wannan zarto, kayan gidansu ya ɗauka.

Mu ma nan ba baƙin itace ba ne. Masassaƙinmu ya san kirya ita ce ta turmi, ya san aduwa ita ce ta allo, da gizago kaɗai yake fitar da akushi da kujerar tsakar gida. Zane kuwa ba sai mun je ara ba. Ga dagi, ga aska takwas ta gaban riga, ga zanen da magina ke yi a fuskar soraye a Kano da Zariya, ga zanen ƙwarya, ga zayyanar da alaramma yake yi wa allon mai sauka. Duk waɗannan zane ne na layi da lanƙwasa, irin wanda zarton zayyana yake so. Matsalarmu ita ce mun ɗaure kowane aikin hannu da gado da kuma talauci. Sassaƙa ta masassaƙa ce, ƙira ta maƙera, jima ta majema, kuma wanda Allah ya ɗaga ba ya komawa. In aka ga darakta a ma'aikata riƙe da zarto ranar Asabar, maƙwabta za su fara raɗe-raɗin ko dai an kore shi daga aiki, ko kuma tsabar rowa ce ta hana shi kiran kafinta. Har harshenmu ma ba shi da kalma guda tsayayya ta aikin da mutum yake yi a kai a kai don jin daɗin ransa, sai dai mu ce abin sha'awa ko abin ɗebe kewa. Alhali muna da abin, ko da ba mu da sunan. Mai kiwon tattabaru da yake kwana yana lissafin wace ta yi ƙwai, da dattijon da ba ya fashin dara a gindin bishiya, da mai ɗaure doki yana ci da shi ba don haya ba, duk abin da suke yi ke nan. Ɗan boko ne ya bar na gida bai kama na waje ba.

Makaranta ce ya kamata ta cike wannan giɓi, kuma ta so ta yi. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'in hannu. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sa darasin gabatar da fasaha a ƙananan sakandare, aka sayo injuna daga ƙasashen waje aka rarraba, amma da yawansu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, ba wuta, ba ɗakin aiki, ba malamin da ya san yadda ake kunna su. A firamare kuwa kowa ya san yadda darasin aikin hannu ya ƙare: yaro ya sayo tsintsiya ko mafici a kasuwa ya kai wa malam, ko ma ya kai kuɗin kawai a ba shi maki. Wato tun yana ɗan shekara takwas mun koya masa cewa aikin hannu abu ne da ake biya wani ya yi maka. Ƙasar Finland ta sa aikin hannu cikin dokar makarantunta tun 1866, Suwidin ta bi sahu da makarantar horar da malamai ta Nääs a ƙarƙashin Otto Salomon, kuma har yau yara a ƙasashen nan biyu suna yin darasin katako da na ɗinki dole. Ba don duk su zama kafintoci suke yi ba. Sun fahimci yaron da ya auna, ya yanka, ya ga bai zauna daidai ba, ya sake aunawa, ya koyi wani abu da allo da alli ba sa koyarwa.

To, yanzu ga tambayar da na san tana bakin kowa: nawa ake samu? Wannan tambaya ita ce ta kashe mu. Ba ka isa ka nuna wa Bahaushe wani abu mai kyau da ka yi ba sai ya ce kai, ai wannan in ka buɗe shago za ka yi kuɗi. Gaskiyar magana, wanda ya sayi zarton zayyana don ya yi arziki zai sha haushi. Yau akwai injunan da kwamfuta ke sarrafawa, wasu da hasken leza suke yanka, wasu da ɗan bakin ƙarfe mai juyawa, kuma abin da zai ci maka kwana uku su cikin mintoci za su fitar da shi, guda ɗari iri ɗaya ba kuskure. Rubutun Larabcin nan na ado da ake rataye wa a falo, da allunan ƙofa masu huda-huda, yawancinsu aikin irin waɗannan injuna ne, kuma ba yadda za a yi mai yanka da hannu ya kara da su a farashi. Ana iya samun na cefane jefi-jefi, musamman in mutum yana yanka sunayen amare ko na jarirai, amma ni ba wannan nake tallatawa ba. Ribar da nake magana a kai ita ce awa biyun nan da mutum zai zauna idonsa a kan layi guda, hankalinsa ba ya kan bashi, ba ya kan siyasa, ba ya kan abin da wane ya rubuta a Facebook, domin da zarar tunaninsa ya bar layin zarto zai bar shi. Sannan ya tashi da abu a hannu da zai ce ni na yi. Ma'aikacin da ya shekara talatin yana tura fayil daga tebur zuwa tebur, a ce ya nuna abu ɗaya da ya yi, sai ya rasa.

Nan ma ne abin ya fi ba ni tsoro. Ma'aikacin gwamnati a Nijeriya yana ajiye aiki in ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Da yawa suna fita da sauran ƙarfinsu. Mun sha ganin yadda ake ƙarewa: wata shida na farko ana zaryar fansho, daga nan sai tabarma a ƙofar gida, sai majalisa daga hantsi zuwa azahar, sai faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba, kafin shekara uku mutumin da ake tsoron shiga ofishinsa ya zama abin tausayi. A Ostareliya sun lura da irin wannan, shi ya sa tun shekarun 1990 suka fara buɗe rumfunan aikin katako na unguwa inda dattawa ke haɗuwa suna ƙere-ƙere suna hira, har suka kafa ƙungiyar ƙasa a 2007, abin ya bazu zuwa Ayalan da Birtaniya. Mu da muke da majalisa a kowane lungu, hirar muna da ita, aikin ne babu. Me zai hana majalisa guda ta yi karo-karo ta sayi inji ɗaya ta ajiye a zauren wani?

Kuma kada mata su ce ba da su nake ba. A ganina ma sun fi maza kusa da wannan aiki, domin duk wadda ta iya bin layi da keken ɗinki ta riga ta yi rabin koyo. Injin ba shi da ƙara sosai, kusurwar ɗaki ta ishe shi, kuma a cikin zartunan lantarki shi ne mafi sauƙin haɗari, ko da yake zarto zarto ne, in aka kai masa yatsa zai ci. Ɗaya daga cikin sanannun gwanayen wannan fanni a Amurka mace ce, Judy Gale Roberts, wadda ta yi suna wajen haɗa hoto da gutsattsarin itace masu launi daban-daban ba tare da fenti ba.

Sai maganar wuta, wadda ita ce hanzarin kowa. Injin yana cin abin da bai wuce wat 100 zuwa 200 ba, wato bai kama ƙafar dutsen guga ba, ƙaramar sola da inbata za su ɗauke shi. In ma babu, ai na faɗa a baya cewa mutanen 1880 da ƙafa suka yi nasu. Ƙasar da kowace unguwa take da tsohon keken ɗinki na taka-taka da mai walda a bakin titi, ba ta da hujjar cewa NEPA ce ta hana ta.

Akwai abubuwan da ba zan ɓoye ba. Littattafan zanen Turawa cike suke da hotunan barewa da karnuka da fuskokin mutane da kayan Kirsimeti, kuma da yawa daga cikinmu ba za su so su yanka surar abu mai rai ba. Wannan ba matsala ba ce, zanenmu na gida da rubutun Larabci sun ishi mutum har ƙarshen rayuwarsa. Sai dai rubutun yana da nasa sharaɗi. Alif da dal da ra ba sa haɗuwa da harafin da ke binsu, ɗigo kuma a sama yake shi kaɗai, don haka in ba a yi dabarar jingina su da juna ko da firam ba, ana gama yanka za su zube ƙasa. Rubutun Kufi mai kusurwa huɗu ya fi sauƙin farawa. Ni kuma shawarata a bar ayoyin Alƙur'ani da sunayen Allah sai hannu ya faɗa, domin mai koyo yana ɓata goma kafin ya sami ɗaya, kuma ɓatacciyar aya ba abin jefawa a kwandon shara ba ce, haka takardar zanen da aka ɓare daga jikin katakon. A fara da dagi, da sunan yaro, da lambar gida.

Ƙura ma ba abin wasa ba ce. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta saka ƙurar katako cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji tun 1995, musamman na cikin hanci. Allon nan na MDF da ya cika shagunan kafintocinmu garin katako ne da aka cuɗa da gam mai sinadari, ƙurarsa ta fi laushi, ta fi shiga ƙirji. Iroko kuma yana tayar wa wasu da asma da ƙaiƙayin fata. Takunkumi na kirki dole ne, a yi aiki inda iska ke ratsawa, kada a yi a ɗakin da yara ke kwana. Abin takaici, ka shiga layin 'yan katako ka ga yara matasa suna gogar MDF fuska fari fat ba ko ƙyalle a hanci, su da suke yi kullum don neman abinci.

Katakon kansa ba sai an sare bishiya ba. Mun ga abin da ya sami madobiya, wadda aka yi ta lodinta zuwa Sin daga dazuzzukan Taraba da Kogi da maƙwabtansu har sai da aka saka ta cikin yarjejeniyar kare tsirrai da dabbobi ta duniya a 2017. Mai zarton zayyana ba ya buƙatar gungume. Guntayen maɗaci da na malaina da kafinta yake tarawa a ba masu ƙosai su hura wuta, su ne jarinsa. Turawa sun fi son filawud na itacen birch da ake kawowa daga Rasha da ƙasashen Baltik saboda ba shi da rami a ciki, wanda ya yi tsada bayan yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022. Namu na kasuwa yakan zo da kogo a tsakanin fallayensa, don haka a duba gefensa da kyau kafin a biya, a zaɓi mai kaurin milimita 3 zuwa 6.

Wanda yake son gwadawa kada ya fara da sayen inji. Akwai zarton hannu mai siffar baka mai zurfin ciki, irinsa yaran Jamus suke fara koyo da shi, kuma maƙeran zinariya da azurfa suna amfani da ƙaninsa. Sai a sami ɗan falanki a yanke masa baki kamar harafin V a ɗaure a gefen tebur, a ɗora aikin a kai, ana yanka a cikin bakin. A ɗaura zarton haƙoransa suna kallon ƙasa, wajen mariƙi, a ja shi ya yi tauri har in an taɓa shi da farce ya yi ƙara kamar tsirkiyar garaya. Hannu ya riƙa hawa da sauka a tsaye cak, katakon ake juyawa, ba zarton ba, kuma a kwana a rage turawa amma kada a daina motsi. Bakunan zarton da dozin ake sayar da su, kuma a sayi dozin biyu tun farko, domin a makon farko kaɗai mai koyo zai karya rabinsu.